Hannun Hagun Badaru

Ranar Laraba aka ɗaure hannun Badaru, a tsakiyar bazara, lokacin da jakunan Rijiyar Tsamiya ke safarar taki zuwa gonaki kafin ruwa ya sauka. Shekararsa shida. Laifinsa ɗaya ne, bahago ne. Da hagu yake jifa, da hagu yake riƙe 'yar fartanyarsa, in kuma aka ɗauke ido daga kansa da hagu yake kai loma baki.

Da abin dariya ne a gidan. Kakarsa Inno, wadda ke kiransa mijinta kamar yadda kakanni ke yi, takan ƙwanƙwashe masa hannun da ludayi ta ce, "Ni ba zan zauna da miji bahago ba, gara ka sake ni." Shi kuma ya ce, "Na sake ki, tsohuwa, ai ba ki da haƙora." Kakansa, Baba Mika'ilu, ya yi ta dariya daga kan buzunsa yana cewa, "Ka kyauta, ɓarawon mata, dama tawa ce."

Baba Mika'ilu shi ne mai gandun gidan. Gona ɗaya ce babba tun ta kakanni, 'ya'yansa biyu, Isyaku da Ado, suna noma ta tare a ƙarƙashinsa, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, tuwo ya fito daga tukunya ɗaya. Isyaku ne uban Badaru.

Dariyar ta ƙare ran Lahadi, kwana uku kafin ɗaurin. Dattawa na zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidan bayan la'asar, hira ta kai su inda take kai su kullum a shekarun nan, wato kan yara.

"Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano aka daina haihuwar manoma," in ji wani. "Waɗannan da kuke gani suna birgima a ƙasa, ba su za su binne mu ba."

"Gyaɗa za su noma wa Nasara, su sayi gero a kasuwa."

"Wa ya ce maka za su yi noman? Ɗan'uwana ya je garin hakimi, ya ga an tara yara a ɗaki ana koya musu rubutu. Daga hagu suke farawa."

"Daga hagu?"

"Da idonsa ya gani."

Baba Mika'ilu na cikinsu yana saurare. Bara gandun maƙwabcinsa ya watse, 'ya'yan suka tafi cin rani Kurmi ba su dawo ba, tsohon ya koma yana noma shi kaɗai kamar wanda bai taɓa haihuwa ba. Tun daga lokacin Baba Mika'ilu ke kallon 'ya'yansa yana neman alama a fuskarsu.

Suna cikin haka wani baƙo ya yi sallama, da jakar fata da doguwar tasbaha, ya ce shi mai duba ne, yana kan hanya. Aka ba shi ruwa. Baba Mika'ilu ya matsa kusa da shi ya ce, "Malam, duba mini gandun gidan nan. Zai tsaya bayan raina?"

Mutumin ya baje yashi a faifai, ya zana, ya share, ya sake zanawa. Can gefe yara na jifan tsamiya, Badaru a gabansu, duk jifan da ya yi sai ta zubo. Baƙon ya daɗe yana kallon yaran kafin ya mayar da ido kan yashin.

"Akwai jikanka da hannunsa ya saɓa wa na mutane," ya ce. "A hannun nan gandunka zai watse."

Ya ce akwai magani. Zai rubuta laya, a ɗaura a wuyan hannun ran Laraba, a haɗe hannun da ƙugu, kwana bakwai cur. "Amma kada wanda ya kwance kafin kwanakin su cika. In aka kwance, abin da aka ɗaure zai koma cikin yaron, ni kuwa ban ɗauki alhakin ransa ba."

Aka ba shi zakara da ƙwaryar gero. Da safe ya yi arewa. Ba wanda ya tambayi sunansa ko garinsu.

Baba Mika'ilu ya san jikansa. In da tsumma aka ɗaure, kafin azahar ya kwance da haƙori. Saboda haka ya yanko siririn tsiri daga fatar wata akuya da aka yanka, ya jiƙa shi ya kwana. Duk wanda ya taɓa ɗaure bakin ganga ko ƙotar gatari da ɗanyar fata ya san abin da take yi in ta bushe. Shi ma ya sani. Ya ce ya bar wurin da yatsa zai shiga, wannan ya isa.

Ya kira yaron tsakar gida, ya naɗa fatar sau uku a wuyan hannun tare da layar, ya ƙulle, ya zagaya ragowar a ƙugunsa. Badaru na ta dariya.

"Inno, dubi, an ɗaure ni kamar jaki."

"Ai jakin ne kai, mijina."

Uwarsa Sauda na bakin turmi tana surfe, ba ta ɗago ba. Isyaku na gyara mangala a kan jaki, ya juya baya. Ba don ba su gani ba. Badaru ɗan fari ne, kuma a ƙasar nan uwa da uba ba su da baki a kan ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun san yana jin yunwa ko ciwo in akwai manya a wurin. Na kakanni ne. Shekara shida Sauda ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan, ko kai. Matar da ta nuna damuwa da ɗanta na fari a gaban surukai, har ta tsufa ana ba da labarin rashin kunyarta.

Ran Alhamis rana ta buɗe tun da hantsi. Kafin azahar fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙaho. Badaru ya bar wajen wasa ya dawo ya raɓe jikin Inno.

"Inno, yana cizona."

"Namiji da raki? To ni zan nemi wani mijin."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Da aka kawo tuwo ya sa hannun dama, miya ta bi masa gwiwar hannu, loma ta faɗi ƙasa sau biyu. Baba Mika'ilu ya ce, "Ka gani, ga shi yana koyo."

Ran Juma'a yatsun sun kumbura sun yi sulɓi, ba ya iya lanƙwasa su. Wurin da aka ce yatsa zai shiga, ko tsinke ba ya shiga. Yaron ya wuni yana kuka ƙasa-ƙasa, yana kai baki ga ƙullin, haƙoransa na zamewa a kai. Sauda ta ɓarar da tukunyar miya a ranar, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan an sauko daga masallaci Isyaku ya shiga zaure ya durƙusa gaban ubansa. Ya yi maganar jakin da ke ɗingishi. Ya yi maganar takin da ya rage a bayan gida. Ya yi ta zane a ƙasa da yatsa. Sannan ya ce, "An ce yaron can na wajen Inno, hannun ya ɗan tasa."

Baba Mika'ilu ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Isyaku, yaushe ka fara ƙirga yatsun ɗan fari a gabana?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"To yaya ne? Ni ban san zafinsa ba? A cinyata aka raɗa masa suna. Don wa nake yi? Ni kwana nawa ya rage mini? Gonar nan ku za ta ciyar, shi za ta ciyar. Kwana bakwai ne, biyu sun tafi. Tashi ka je ka duba jakinka."

Isyaku ya tashi. A ƙofa ya tarar da ƙanensa Ado, wanda ya ji komai. Ado ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ba na son ganin hannun, shi ya sa nake wuni a gona. Amma in Baba ya ce a yi, me za mu ce? Gandun na kowa ne."

Ran Asabar zazzaɓi ya rufe yaron. Inno ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu tana yi masa fifita. Kumburin ya haura har gwiwar hannu, fatar ta nutse cikin nama, sai layar kawai ake gani a sama. Inno ta ce da mijinta, "Malam, ko a ɗan sassauta?"

"Sassautawa kwancewa ce. Kin ji abin da mutumin ya ce."

Ta ci gaba da fifita. Da maƙwabciya ta leƙo ta ga hannun ta kama baki, Inno da kanta ta ce, "Maganin ne ke aiki. Mugun abin ne ke neman hanyar fita." Ta faɗa da ƙarfi, kamar wani take son ya ji, kuma ba ta kalli yaron ba lokacin da take faɗa.

Ran Lahadi Shago ya zo duba ƙafar jakin. Bamaguje ne daga gidajen bayan rafi, shi ke ɗorin mutum da na dabba a yankin, kuma ba a jayayya da hannunsa. Ya gama da jakin, zai fita, ya hango yaron. Ya tsuguna ya ɗaga hannun a hankali, ya danna farce, ya kai hanci.

"Mika'ilu, wa ya yi wannan?"

"Magani ne. Ba ruwanka."

"Hannun nan mutuwa yake yi. Ka yanke fatar yau, yanzu, ina tsaye."

"Ku da ba ku san laya ba, me za ka gaya mini?"

"Laya kam ban santa ba," in ji Shago. "Amma na san ƙafar akuyar da igiya ta shaƙe kwana huɗu. Ƙafar ce ke fara tafiya, sannan akuyar ta bi ta."

"Na gode da jakin. Ka gaida gida."

Shago ya miƙe, ya dubi Inno, ya dubi ƙofar ɗakin da ya san uwar yaron na ciki, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "In an neme ni ina gida." Ya fita.

Sauda ta ji duka. Ta zauna a bakin gado. Mutum biyu sun yi magana a kan ɗanta. Ɗaya ya ce in aka yanke zai mutu. Ɗaya ya ce in ba a yanke ba zai mutu. Ba ta san rubutun da ke cikin layar ba, ba ta san abin da ke zaune a hannun ba, kuma duk wanda ta bi a cikinsu, in gawa ta fita daga gidan, ita ce sila.

Da azahar, tsofaffin sun shiga ɗaki saboda zafi, ta lallaɓa bayan rumbu. Yaron na kwance idonsa a buɗe. Ta waiga dama da hagu kamar mai sata, ta ciro ƙaya daga danga, ta soka masa a ɗan yatsa. Bai motsa ba. Ta ƙara dannawa. Ya dube ta kawai, yana mamakin ganinta kusa da shi haka.

Da Isyaku ya shigo shan ruwa ta tare ƙofa.

"Yaron nan ba ya jin yatsunsa."

"Wa ya gaya miki?"

"Na soka masa ƙaya."

"Wani ya gan ki?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

Ya ajiye modar bai sha ba. "Na yi wa Baba magana ran Juma'a. Kin san abin da ya ce mini?"

"Na sani. Duk gidan an sani."

"Saura kwana biyu, na uku a kwance."

"Ka ji Shago?"

"Na ji Shago. Na ji malamin kuma. In na sa wuƙa ya mutu a hannuna fa, Sauda? In ce da mutane me? In ce da Allah me?"

"In ba ka sa ba fa?"

Ya tsaya yana kallon bango. Sannan ya ratsa ta gefenta ya fita, ya kora jakuna gona, har da mai ɗingishin.

Ran Litinin da safe wari ya fara tashi. Ƙudaje suka taru, Inno na kora suna dawowa. Yatsu uku sun yi baƙi kamar an tsoma su a baban rini. Yaron ya daina kuka tun jiya, kuma wannan shirun ya fi kukan tayar da hankali. An ba shi kunu ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai.

"Inno."

"Na'am, mijina."

"Mene ne gandu?"

Ta dakata da fifitar.

"Yara sun ce ni zan watsa shi. Ki gaya wa Baba ba zan watsa ba. Ki nuna mini shi kawai, in na gan shi ba zan taɓa ba."

Inno ta ja gefen zanenta ta rufe baki. Sannan ta ce, "Jibi, mijina. Jibi da sassafe za a kwance maka, in dafa maka kaza kai kaɗai."

Baba Mika'ilu na zaune a ƙofar ɗakinsa yana jan tasbaha. Shi ma bai ci komai ba tun jiya. Ya ji abin da yaron ya ce, tasbahar ta tsaya, sannan ta ci gaba da sauri.

Da hantsi Badaru ya yunƙura zai je bayan gida. Ya miƙe, ya yi taku uku, ƙafafunsa suka harɗe. Ba shi da hannun da zai tare ƙasa ta wannan gefen, ya faɗi da fuska a tsakar gida, bai ko yi ƙara ba.

Taɓarya ta faɗi daga hannun Sauda.

"Badaru."

Ba da ihu ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Matar Ado ta tsaya da tsintsiya a hannu. Inno ta ɗago kai. Isyaku, wanda ya shigo ɗaukar mangala, ya ƙame a bakin zaure. Sauda ta ratsa tsakar gidan a gaban surukanta, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan ɗanta a cinya, ta share masa ƙasa daga baki.

"Badaru, buɗe ido. Ni ce."

Ta miƙa hannu ta ɗauko wuƙar da ake yanka kuɓewa.

Baba Mika'ilu ya miƙe tsaye. "Ke, ajiye wannan."

Ba ta dube shi ba.

"Kunya kin zubar, wannan ke da duniya. Amma ki ji ni da kyau. In kika yanke fatar nan ya cika, ke kika kashe shi. Ba ni ba, ba malamin ba. Ke."

Sauda ta kai bakin wuƙar kan fatar, ta rasa inda za ta sa, nama ya rufe ko'ina. Ta ɗaga, ta sake kaiwa. Hawaye ya hana ta gani.

Isyaku ya tako ya tsuguna ya karɓe wuƙar. Baba Mika'ilu ya sauke numfashi ya ce, "Yauwa. Shigar da matarka ɗaki."

"Wannan ba ta da kaifi," in ji Isyaku.

Ya jefar da ita, ya zaro askar da ke aljihunsa. Ya ce da matarsa, "Riƙe shi." Ya yi bisimilla, ya sa bakin askar ƙarƙashin layar, inda kaurinta ya ɗan ɗaga fatar, ya ja. Naɗi na farko ya tsinke, na biyu, na uku. Sai da ya ɓamɓaro ta daga cikin naman da farce.

Ƙarar da yaron ya yi har gidajen bayan masallaci an ji ta.

Daga nan sai jira. Aka aika a kira Shago. Kafin ya iso, gidan duka ya zauna yana kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka. Baba Mika'ilu ya shige ɗaki ya ja asabari. Sauda na riƙe da kan, bakinta na motsi, duk numfashin da ya ɗan jinkirta sai ta ji nata ya tsaya. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ba abin da ya koma cikin yaron. Washegari ya nemi kunu.

Hannun dai bai dawo ba. Shago ya yi kwana tara yana zuwa da saiwoyi da ruwan zafi, a ƙarshe ya cire yatsu ukun da suka mutu. Biyun da suka rage suka naɗe ciki, hannun ya tsotse daga wuya zuwa ƙasa kamar busasshiyar kuɓewa. Shago ya ce da an kira shi ran Juma'a da ko farce ba a rasa ba.

Isyaku bai yi faɗa da ubansa ba. Yana gaishe shi da safe, yana durƙusawa kamar da. Amma ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da shi, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Mata a bakin rijiya kuwa ba hannun suke zance ba. Sauda suke zance, wadda ta kira sunan ɗan fari a gaban uban mijinta har sau biyu.

Ruwan farko ya sauka, ana shirin shuka, Isyaku ya ɗora kayansu a kan jakin da shi ya saya da hatsin gayaunarsa, 'yar gonarsa ta kansa. Ya shiga zaure ya durƙusa.

"Baba, zan je wajen dangin uwar yaran nan a Ungogo. Sun ce akwai gonar aro."

"Da shuka a gaba? Wa zai riƙe mini garma?"

"Ka yafe mini."

"Saboda yaro ƙarami?"

Isyaku ya ce, "Kullum na ɗaga ido a tsakar gidan nan sai in ga wurin da ya faɗi. Kwana biyar ina wucewa ta gabansa da aska a aljihu, Baba. Ba kai kaɗai nake gudu ba."

Ado ya yi daminar shi kaɗai da tsoho, rabin gonar ciyawa ta cinye. Da kaka ya ce shi ba zai iya noma wa gida biyu ba, a yanka masa nasa. Dagaci ya zo aka ja iyaka. Gandun Mika'ilu, wanda ya wuce kakanni huɗu ba a raba ba, ya zama gonaki uku da aduwa a tsakani.

A gindin tsamiya, Baba Mika'ilu ya gaya wa dattawa yadda yake ganin abin. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma bai yi shakka ba.

"Kwana biyu ya rage. Kwana biyu tak. Da sun bari ya cika da yanzu muna tare. Mutumin nan ya san aikinsa. Ya ce a hannun yaron gandu zai watse, ku duba, a kan me ya watse?"

Dattawan suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tuna cewa baƙon ya kalli yara kafin ya kalli yashi. Ba wanda ya tuna cewa ya ce yaron zai mutu in aka kwance, ga shi kuma yana raye a Ungogo. Abin da ya faɗa daidai suka riƙe. Suka juya suna kallon jikokinsu da ke jifan tsamiya, kowa na lura da hannun da nasa ke ɗagawa. Kafin wata damina an ɗaure yara biyu a ƙauyen. Da tsumma dai, an ce an koyi hankali.

Abin da ke hana mutum sukuni a labarin nan shi ne ba mugu a cikinsa. Da akwai wanda ya tsani Badaru da an san inda za a nuna da yatsa. Kakansa na sonsa, kakarsa na sonsa, ubansa da uwarsa ba a magana. Tsoro ne ya ɗaure hannun, tsoron wani zamani da bai zo ba, wanda ba mai duba ko dattijon da ya taɓa ganinsa. Kunya ta tsaya gadi kwana biyar, kowa ya kira ta tarbiyya. Manya suka zauna suka yanke wa yaro hukuncin abin da zai aikata in ya girma, suka hukunta shi tun bai san sunan abin ba, sannan suka aikata abin su da kansu, suka ce shi ne ya yi. In yaran wannan zamani sun tashi sun bar gonakin iyayensu, za a ce jirgi ne, za a ce Nasara ne da rubutunsu. Ba za a tambayi abin da aka yi musu a tsakar gida ba.

Bayan shekara Inno ta matsa sai an kai ta Ungogo. Ta yi tafiyar wuni guda a kan jaki, da ƙullin ƙuli-ƙuli da ta soya da kanta. Ta tarar da Badaru a ƙofar gida, ya ƙara tsawo, an ɗinka masa riga mai dogon hannu. Sauda ta fito ta gaishe ta, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Badaru, zo ka gaida kakarka." Yanzu a gaban kowa take kiran sunan.

Ya zo ya tsaya nesa kaɗan.

"Mijina, ka manta da ni? Ko ka yi sabuwa a birni?"

Bai ce na sake ki ba.

Ta kwance ƙullin, ta zaɓi babba, ta miƙa masa. "Ungo. Da wanda ka ga dama ka karɓa, ba mai dukanka."

Yaron ya kalli ƙuli-ƙulin, ya kalli hannun tsohuwar. Sannan a hankali ya mayar da hannayensa bayansa ya ɓoye, har da na daman.